Bi Sheng, Koriyawa ko Gutenberg: a kan wa za ka gina aikinka na tarihin ɗab'i?

Duk wanda aka ba aikin furojet ko muhawara ko ma darasin da zai koyar a kan yadda buga littafi da haruffa ɗai-ɗai ya samo asali, abu na farko da zai ci karo da shi shi ne labarin ba ɗaya ba ne, uku ne, kuma kowanne da masu kare shi. Akwai na ƙasar Sin wato Bi Sheng, akwai na Koriya, sai na Jamus wato Johannes Gutenberg wanda shi ne aka fi sa mana a kai tun firamare. Mutum ba zai iya ɗaukar ukun duka ya yi musu adalci a shafi goma sha biyar ko a minti bakwai na muhawara ba, dole ka zaɓi ɗaya ya zama ginshiƙi sauran su zo a gefe. To ga yadda nake ganinsu, da abin da kowanne zai ba ka da kuma inda zai bar ka a rana.

Amma kafin nan a raba abu biyu da ɗalibai ke yawan cakuɗawa har malami ya ja musu jan biro. Buga rubutu da allon katako daban, bugu da haruffa masu cirewa daban. Na farkon kamar hatimin ofis ne, an sassaƙa shafi guda sukutum a juye, ka shafa tawada ka danna, in an gama wannan shafin allon ba ya da wani amfani sai dai a sake buga shi ɗin dai. Wannan ya daɗe ƙwarai, littafin Diamond Sutra da aka samo a kogon Dunhuang yana ɗauke da kwanan wata na shekarar 868, yanzu yana Landan, kuma Koriyawa a ƙarni na 13 sun sassaƙa allunan katako sama da 80,000 na littattafan addinin Buddha waɗanda har gobe suna nan a wurin ibadar Haeinsa. Na biyun kuwa kowane harafi guntunsa daban, ka jera su su ba da shafi, ka buga, ka wargaza, ka sake jera wani shafin da su. A kan wannan na biyun muke magana.

Bi Sheng dai shi ne na farko, wannan babu ja. Tsakanin 1041 da 1048 ya yi aikinsa, zamanin daular Song, shekara ɗari huɗu kenan kafin Gutenberg. Talaka ne ba mai muƙami ba, kuma duk abin da aka sani game da shi daga alƙalamin mutum ɗaya ya fito, wani babban jami'i masani mai suna Shen Kuo da ya rubuta bayanin wajen 1088. Amma fa bayanin ya yi daɗi, don ya bi aikin daki-daki. Yumɓu mai danƙo ake samu a zana harafi a kai a gasa shi a wuta ya yi tauri. Sai a ɗauko farantin ƙarfe a shimfiɗa masa haɗin ƙaron itace da kakin zuma da tokar takarda, a jera haruffan cikin firam, a ɗan ɗumama farantin haɗin ya narke, a danne saman da katako mai laushin fuska duk haruffan su daidaita tsayi ɗaya, in ya huce sun kama ram sai bugu. Faranti biyu yake aiki da su, ana bugu da ɗaya ana jera ɗayan. Harafin da ake yawan amfani da shi sai ya yi masa kwafi ashirin ko fiye, wanda ba kasafai yake fitowa ba kuwa in aka ci karo da shi nan take a zana a gasa da wutar kara. Har gwada katako ya yi ya bari saboda yana shan ruwa ya kumbura. Shi kansa Shen Kuo ya lura cewa in kwafi biyu ko uku za ka buga wahalar banza ce, amfanin abin sai in ɗaruruwa ne ko dubbai.

Abin da Bi Sheng zai ba ka kenan, bayanin fasaha tsaf wanda za ka iya ma gwadawa a gaban aji da laka da wuƙa, yara za su gane fiye da duk wani dogon turanci. Inda zai bar ka kuma shi ne babu littafi ko ɗaya da ya buga da ya kawo yau, ba shafi ba harafi. In alƙalin muhawara ya ce nuna min, ba ka da abin nunawa sai maganar Shen Kuo. Sannan in taken aikinka ya ƙunshi tasiri, to nan ne za ka sha wuya, don fasahar ba ta kori allon katako a Sin ba ko kusa. An ci gaba da gwadawa kam, Wang Zhen wajen 1298 ya sa an sassaƙa masa haruffan katako kimanin 60,000, ya ƙera tebura masu juyawa don mai jerawa ya zauna wuri ɗaya harafi ya zo masa, ya buga kwafi 100 na tarihin gundumar Jingde cikin ƙasa da wata guda. Hua Sui ya yi na tagulla a 1490. Amma har ƙarni na 19 yawancin littattafan Sin da allon katako ake buga su.

Kuma kar ka yarda ka rubuta cewa wai rashin wayo ne ya hana su, lissafi ne kawai. Rubutunsu ba baƙaƙe ashirin da wani abu ba ne, alamomi dubbai ne, kowace kalma kusan da tata. Kafin ka buɗe shago sai ka tanadi guntaye dubun dubata, ga wurin ajiya ga wanda zai haddace inda kowanne yake. Shi kuwa mai sassaƙa allo ladansa ba tsada, kayan aikinsa wuƙa da buroshi, kuma in ya gama allon sai a jingine shi a ɗaki, bana ka buga kwafi hamsin ka sayar, baɗi in an nema ka ƙara hamsin, ba ka zuba kuɗinka a takarda ta zauna tana cin ƙura ba. Wallahi in ni ɗan kasuwa ne a Hangzhou a wancan lokacin allon zan zaɓa. Ga tawadarsu ta ruwa ce, tana zama lafiya a katako amma a kan ƙarfe sai ta dinga taruwa ɗigo-ɗigo.

Koriya kuma ita ce ta masu son hujjar da ake taɓawa da hannu. Akwai rubutaccen bayani daga Yi Gyu-bo cewa wajen 1234 an buga wani littafin ƙa'idojin bukukuwa kwafi 28 da haruffan ƙarfe, shi wannan bai tsira ba. Wanda ya tsira shi ne Jikji, tarin koyarwar malaman Buddha da wani malami Baegun ya haɗa, aka buga a wurin ibadar Heungdeok kusa da Cheongju a 1377, kuma a ƙarshen littafin an rubuta wuri da shekara da cewa da haruffan zubi aka buga. Shekara 78 kenan kafin Baibul ɗin Gutenberg na 1455. Juzu'i biyu ne asali, na biyun kawai ya rage, ganye 38, na farkonsa ma ya ɓace. In ka kalli hotunan shafukan za ka ga alamomin da ke tona asirin aikin, layi ya ɗan karkace, wani harafin ya sha tawada wani ya yi fari-fari, har akwai wanda aka sa a kife, abin da ba zai taɓa faruwa a allon da aka sassaƙa gaba ɗaya ba. Kuma labarin yadda ya bar gida shi kaɗai ya isa babi guda, wani jami'in jakadancin Faransa Victor Collin de Plancy ne ya tafi da shi, aka yi gwanjonsa a 1911 wani mai sana'ar gwala-gwalai Henri Vever ya saya, daga baya ya bar wa babban laburaren ƙasar Faransa wasiyya, ya zauna can shiru har aka baje shi a 1972, lokacin wata 'yar Koriya Park Byeong-seon na aiki a laburaren ta tsaya kai da fata a kan maganarsa. UNESCO ta sa shi a rajistarta a 2001. Har yanzu yana Paris, Koriyawa na ta ƙorafi, wanda duk ya san zancen kayan tagullar Benin ya san irin wannan ciwon.

Bayan Jikji abin ya koma hannun fada. Sarki Taejong ya kafa ma'aikatar zubin haruffa ta gwamnati a 1403, ɗansa Sejong ya sa aka sake zuba sababbi a 1420 da 1434, na 1434 ɗin guntaye sun kai wajen 200,000. Da irin dabarar zubin kuɗin tagulla suke yi, a sassaƙa harafi a katako a danna shi cikin yashi mai laushi a zuba narkakken ƙarfe. Sai dai ba su da injin matsa takarda, ɗora ta ake a kan haruffan a goga bayanta da hannu, shi ya sa ko da aka inganta aikin abin da ake samu a yini bai wuce ganye arba'in ba ko kusa da haka. Kuma ba don kasuwa ake yi ba, sarki ne ke cewa a buga kaza a raba wa jami'ai da malamai, kwafi ɗari ɗari biyu an gama. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne Sejong ɗin nan dai shi ya fito da baƙaƙen Hangul a 1446, haruffa 28 kacal, ga ƙarfe ga zubi ga baƙaƙe 'yan kaɗan duk a gari ɗaya a zamani ɗaya, amma manyan malamai suka raina sabon rubutun suka riƙe na Sin, an ɗan buga wasu littattafai da shi amma bai zama na gwamnati da ilimi ba sai bayan ɗaruruwan shekaru.

To in muhawara ce kuma taken shi ne wa ya fara buga littafi da haruffan ƙarfe, ɗauki Koriya ka kwanta ka yi barci, abokin karawarka zai zo da 1455 kai ka ajiye masa 1377 da hoton shafi. In kuwa furojet ne da ake son babi guda cur a kan yadda abin ya canza rayuwar jama'a, Koriya za ta ba ka shafi biyu ne ka fara kame-kame, kuma yawancin rubuce-rubuce masu zurfi a kai da harshen Koriya suke.

Sai Gutenberg. Shi nasa matsalar ba ƙarancin kaya ba ce, yawa ne. An haife shi a Mainz wajen 1400, ya san aikin ƙarfe irin na maƙeran fari, ya zauna a Strasbourg inda takardun wata shari'a ta 1439 suka nuna yana haɗa jari da wasu don ƙera 'yan madubai da za a sayar wa masu ziyarar ibada a Aachen, da kuma wata sana'a ta sirri da aka ambaci dalma da abin matsa a cikinta. Kusan duk abin da aka sani game da mutumin nan daga kotu ne da takardun bashi, ko hotonsa da kuke gani mai dogon gemu bayan mutuwarsa aka ƙirƙira. Ya koma Mainz ya ci bashin gilda 800, kuɗin zinariya na lokacin, wajen Johann Fust a 1450, ya ƙara wasu 800 bayan kamar shekara biyu, ya buga ƙananan abubuwa masu kawo kuɗi da wuri irin su littafin nahawun Latin na 'yan makaranta da takardun yafe zunubi da coci ke sayarwa, sannan babban aikin, Baibul mai layi 42 a shafi, shafuka kusan 1,280, kwafi wajen 180, kashi ɗaya cikin huɗu a kan fata sauran a takarda. Guda 49 sun kawo yau, wasu cikakku wasu ba cikakku ba. A watan Maris 1455 Enea Silvio Piccolomini wanda daga baya ya zama Fafaroma Pius na biyu ya rubuta wa wani kadinal cewa ya ga wasu shafukan a Frankfurt, rubutun ya fita tas har za a iya karantawa ba tabarau, kuma an ce an riga an saye kwafin tun ba a gama ba. A shekarar dai Fust ya maka shi a kotu yana neman sama da gilda 2,000, ya yi nasara, shi da Peter Schöffer wanda yaron shagon Gutenberg ne suka ci gaba da sana'ar, su ne ma a Turai suka fara sa sunansu da kwanan wata a bugaggen littafi a 1457. Gutenberg ya rasu a 1468 yana karɓar ɗan alawus na hatsi da tufafi da giya daga babban limamin cocin Mainz.

Abin da ya kamata ka nuna in ka ɗauke shi ba wai ya ƙirƙiro harafi mai cirewa ba ne, haɗa abubuwa huɗu ya yi suka zama sana'a guda mai riba. Ƙarfen zubi na dalma da kuza da antimoni mai narkewa da wuri ya daskare da wuri. Hanyar zuba harafi iri ɗaya ɗaruruwa cikin sauri. Tawada mai mai wadda ke kama ƙarfe, baƙa ƙirin har yau tana sheƙi. Da injin matsa mai dunƙulen sukuru irin wanda manoman yankin ke matse inabi da shi. Ga kuma sa'a biyu da ba shi ya yi su ba, baƙaƙen Latin 'yan kaɗan ne, duk da ƙawa da ya yi na kwaikwayon rubutun hannu nau'in guntayensa wajen 290 ne kawai, ka kwatanta da 60,000 na Wang Zhen. Sannan takarda ta riga ta iso, ita ma daga Sin ta taso ta bi ta Samarƙand da Bagadaza ta shiga Andalus da Italiya, a 1390 aka kafa masana'antarta a Nuremberg. Nan ne kaɗai za ka iya cewa da ƙarfin gwiwa Turai ta ci moriyar Gabas ta hannun Musulmi. Amma cewa Gutenberg ya kwaikwayi Koriyawa ko Sinawa, ba a samu wata takarda ko shaida da ta nuna haka ba, kar ka rubuta shi a matsayin tabbas don ka ga ana yaɗawa a Facebook. Wani abu kuma da zai sa malami ya san ka yi karatu, a 2001 wasu masu bincike biyu a Princeton, Paul Needham da Blaise Agüera y Arcas, sun auna haruffansa da kwamfuta suka ga ba su yi kama da juna yadda ya kamata in daga uwa ɗaya, wato ramin zubi ɗaya, aka zubo su ba, don haka ko yadda ya yi zubin ma akwai saɓani.

Wajen tasiri kam ba a haɗa su. Rikicin da ya ci Mainz a 1462 ya taimaka wajen watsa ma'aikatan, 1465 suna Subiaco a Italiya, 1469 Venice, 1470 Paris, 1476 William Caxton ya kafa tasa a Westminster ta Ingila. Kafin 1500 garuruwa sama da 250 na da maɗaba'a, an fitar da bugu daban-daban kusan 30,000, kwafi miliyoyi. Dalilin saurin shi ne ba sarki ɗaya ke riƙe da abin ba, 'yan kasuwa ne ke neman riba, in wannan gari ya hana ka sai ka ɗaure kayanka ka tsallaka na gaba. Aldus Manutius a Venice ya fara fitar da ƙananan littattafai masu shiga aljihu a 1501. Martin Luther ya tayar da rigimarsa da cocin Katolika a 1517, fassararsa ta Sabon Alkawari zuwa Jamusanci ta fito a Satumba 1522 a Disamba aka sake bugawa don ta ƙare. A 1543 littafin Copernicus kan tafiyar duniyoyi da na Vesalius kan sassan jikin mutum suka fito shekara ɗaya. Kar dai ka mai da babin waƙar yabo, injin da ya buga waɗannan shi ya buga Malleus Maleficarum wajen 1486, littafin farautar mayu da aka yi ta sake bugawa aka ƙona bayin Allah da hujjarsa, kuma a 1559 fadar Fafaroma a Rum ta fitar da jerin littattafan da ta haramta.

Haɗarin ɗaukar Gutenberg ɗaya ne, kowa shi zai ɗauka, malamin ya karanta irin aikin sau ba adadi, in ba ka zo da wani abu na daban ba makinka na tsaka-tsaki ne. Ni dai in ni ne da furojet, Gutenberg zan sa a tsakiya amma tambayar da zan gina aikin a kai ita ce me ya sa fasaha kusan iri ɗaya ta zauna a fada a Koriya, ta kasa kayar da allo a Sin, ta kuma bazu kamar wutar daji a Turai. Da haka ukun duk sun shigo ba tare da ka raba hankalinka uku ba, Bi Sheng da Jikji su cinye babi na biyu, sauran na Mainz. In darasi ne na 'yan firamare ko ƙaramar sakandare, Bi Sheng da laka. In muhawara ce, na riga na faɗa.

Akwai hanya ta huɗu ga wanda yake sashen Larabci ko Hausa ko nazarin Musulunci, kuma ita ce ta fi kusa da mu, wato yadda haruffan Larabci suka sha fama da wannan fasaha. Baƙaƙen Larabci haɗe suke, kowanne da siffarsa a farko da tsakiya da ƙarshe, ga wasulla sama da ƙasa, sai guntayen da ake buƙata suka ninka na Latin sau da yawa kuma abin da ke fitowa bai kai kyan hannun magwani ba. An buga littafin addu'o'in Kirista da Larabci a Italiya a 1514, an buga Alƙur'ani a Venice wajen 1537 zuwa 1538 a maɗaba'ar Paganini cike da kurakurai, ya ɓace har aka zaci babu shi sai a 1987 aka gano kwafi ɗaya. A Istanbul Ibrahim Müteferrika ya samu izinin Sarki Ahmed na uku a 1727 bisa sharaɗin ban da littattafan addini, ya fitar da na farko a 1729, ƙamus ne. Abin da ya buɗe ƙofa sosai a ƙasashen Musulmi da yawa shi ne bugun dutse da Alois Senefelder ya gano a 1796, don shi rubutun hannun malami yake ɗauka yadda yake, ba ruwansa da jera harafi. Wanda ya taɓa riƙe bugaggen Alƙur'ani ɗan Kano mai rubutun hannu irin namu na Warshu, ko 'yan littattafan waƙoƙin ajami na bakin kasuwar Kurmi, ya ga jikan wannan zaɓin, hoton rubutun hannu aka ɗauka aka buga. Wannan taken ba a cika taɓa shi ba, kuma kana iya haɗa shi da hira da masu sayar da littattafai da tsofaffin ma'aikatan maɗaba'a a Kano ko Zariya inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, sai dai ka fara tambayar sufabaizanka ko zai yarda ka matsa daga asalin taken zuwa nan kafin ka kashe kuɗin mota da na data.